Rijiyar Iya Adama da Tukar Kiret

Duk wanda ya zo wurina neman koyon yin kiret ɗin ƙwai, tambayarsa ta farko ita ce inda ake sayar da injin. Har yau ban samu wanda ya fara da tambayar inda ake zubar da tuka, wato dattin da markaɗe ke bari, ba. A ganin matasa aikin bai wuce a jiƙa tsohuwar takarda, a markaɗa, a zuba a abin zubi, a shanya ba. Haka ne, kamar yadda tuƙin tirela bai wuce riƙe sitiyari ba. Na haura shekara ashirin ina wannan sana'a a bakin unguwar Dogo Nini, kuma babbar ɓarnar da na yi a cikinta ba a kan inji na yi ta ba.

Na koyi aikin a hannun Oga Bulus, mutumin Filato, wanda yake da ɗan wurin yin kiret a bayan tashar manyan motoci. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa inji ba. A kan buhu nake wuni ina tsintar takarda: in cire fil, in ɓare salatif, in zare leda, in ware kalanda mai sheƙi domin ita ko kwana nawa ta yi a ruwa ba ta jiƙa. Abin zubin ƙarfe ne mai ramuka talatin, an lulluɓe shi da raga mai laushi, kuma fil guda ya isa ya yaga ragar. Ranar da na bar wani ya wuce, Oga Bulus bai yi faɗa ba. Ya ba ni allura da siririyar waya, ya ce in ɗinke. Na kai la'asar a kan ramin da bai fi ƙwayar gero ba.

Kiret ɗina na farko da na zuba da hannuna, ya ɗaga shi ya kara da rana. Haske ya ratso ta ramuka huɗu. Ya ce inda rana ta wuce, ƙwai ma zai wuce. Na ce ai ya bushe, ya yi ƙwari. Ya sa aka jera ƙwai talatin a kai, ya ce in ɗauka da hannu ɗaya ta kusurwa, yadda mai shayi yake ɗauka. Na ɗauka. Kajin maƙwabta ne suka share wurin.

Daga nan na san cewa haɗi shi ne aikin. Jarida tana ba da laushi amma ba ta da ƙashi. Kwali yana da ƙashi amma fuskarsa kaushi. Littafin makaranta yana tsakani. Takardar buhun siminti ta fi duka ƙarfi, sai dai tana cin haƙoran inji. Ba ma'auni ake bi ba, hannu ake tsomawa a tanki: in markaɗen ya bi yatsu kamar koko ya yi ruwa, in ya tsaya kamar tuwo zai toshe raga. Kunu mai kauri ake nema.

Takardar kanta sai an yi kokawa. Wajen jarida, masu tsire da masu ƙosai ne abokan hamayyarmu, kuma sun fi mu sammako. Kwali kuwa direbobin da ke kai shanu kudu su ne gatanmu, domin ba sa son dawowa da mota wayam. Sauran muna tsinta a bayan shagunan 'yan tireda. Masu saye su ma kowa da halinsa. Na taɓa yin wani mai kaji daga hanyar Fika da ya dawo min da kiret ashirin yana cewa ramukan sun yi faɗi, ƙwai yana rawa a ciki. Da na bincika, ƙwan zabi yake zubawa. Na ce masa ni don kaza na yi, in yana so ya je ya yi magana da zabin.

Yanzu ga tuka. Bayan kowane markaɗe akwai abin da ke kwantawa a ƙasan tanki, baƙi, mai yauƙi: tawadar da ta saki takarda, gam, gutsattsarin leda, tsatsar fil, da sauran sodar da muke zubawa don kwali ya yi laushi. In ta samu rana tana bushewa kamar kashin shanu. In ta zauna cikin ruwa tana ruɓewa, ta yi warin ƙwan da ya lalace. Oga Bulus a kan siminti yake shanya tasa, ya ɗura a buhu, mai amalanke ya kai juji can bayan gari. Na ga yana yi shekara biyar. Ba zan ce ban sani ba.

Da na buɗe wurina, wani tsohon gida na kama, mai fili, da wata rijiya a kusurwa wadda ta ƙafe tun kafin in san unguwar. A nan muka tare da matata. Katanga ɗaya ce tsakanina da Iya Adama mai awara. Tata rijiyar tana da rai, ruwanta garai, mai daɗi, kuma gidajen layin duk nan suke ɗiba. Da shi take jiƙa waken suya, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami awarar ta haɗu. Masu lodin shanu da yawa da awararta suke karyawa. Daga bakin rijiyarta zuwa bakin tawa, in da ba katanga, taku ashirin ne.

Kowa a nan ya tashi da sanin cewa takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a taka ta, ba a ƙunshe ƙosai da ita. In ka gan ta a hanya ka ɗauka ka soke a tsagar katanga. In ta taru a ƙone, ko a binne, ko a zuba a rijiyar da ta ƙafe. Mai yin kiret ya fi kowa shiga wannan hali, domin abin da ya markaɗa kashin kaji zai taɓa, daga bisani wani ya shimfiɗa ya zauna a kai. Saboda haka da na ga ina da ƙafaffiyar rijiya a cikin gida, sai na ɗauka an yi min gata.

Mai yi min tsinta a lokacin Malam Disa ne, dattijo ɗan Fika, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ya yi karatun allo, yana gane baƙi da wasali, amma fassara bai sani ba, ni ma haka. Muka kafa ƙa'ida: duk abin da ke da rubutun Larabci, rijiya. Da farko kalandar masallaci ce, da yagaggun littattafan Islamiyya, da katin ɗaurin aure mai bisimilla a sama. Sannan kwalayen 'yan tireda suka fara shigowa da rubutun Larabci a gefe: na dabino, na shayi, na sabulu, na abubuwan da ban san kansu ba. Wata rana na ga zai jefa wani kwali mai kauri, irin wanda ake nema.

Na ce, "Malam Disa, wannan fa hoton fanka ne a jikinsa."

Ya ce, "Maigida, fankar na gani. Wannan layin na ƙasa, ka san abin da ya ce?"

"Ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba. In za ka ɗauki nauyinsa ranar gobe, yanzu in jefa a tanki."

Na ce ya kai rijiya.

Har nan laifinmu na rashin sani ne. Wanda ya biyo baya nawa ne ni kaɗai, kuma da sani. Mai amalanken da ke kwashe min tuka yau ya zo, gobe jakinsa ba lafiya, jibi shi ne ba lafiya. Tuka ta taru a tsakar gida, ta cinye min wurin shanya. Rannan na tsaya ina kallon tulin, ina kallon rijiya, sai wata dabara ta zo min sanye da rawani.

Na ce, "Malam Disa, duk kulawarka, ba zai yiwu wani harafi ya kuɓuce maka ya shiga tanki ba?"

Ya ce zai yiwu, ɗan Adam ne shi.

"In an markaɗa, tawadar ina take zuwa?"

"Tuka."

"Ita kuma tukar muna kai ta juji."

Malam Disa ya dafe kai. Ya ce bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Da hannunsa ya ɗauki bokitin farko. Har a masallaci ya riƙa ba da labarina, yana cewa a zamanin nan samun mai taka-tsantsan irin maigidansa sai an tona. Shekara huɗu muna zuba tuka a rijiya da bisimilla.

Sai shekarar da damina ta sauka da wuri ta ƙi ɗagawa. Kiret rana yake so, yini biyu cur. A shekarar nan sai mu shimfiɗa da hantsi, kafin azahar hadari ya haɗo, mu kwashe da gudu. Wanda muka jibge a ɗaki ya yi fumfuna, wanda muka bari a rumfa ya lanƙwashe kamar tsohuwar hula, wanda ya ɗan bushe awaki suka cinye. Masu kaji suka koma zuba ƙwai a baho da garin katako. Hankalina duk yana sama, ina duban gajimare. Ban duba ƙasa ba.

Wata safiya Malam Disa ya juye bokitin tuka a rijiya, maimakon ƙarar da muka saba ji, sai muka ji tsulum.

Ya ce, "Maigida, yau ta amsa."

Na leƙa. Can ƙasa ruwa ne baƙi, kwalaye suna yawo a kai. Na mayar da murfi na ce ruwan sama ne ya shiga. Rijiyar tana da murfi, kuma tana ƙarƙashin rumfa. Malam Disa ya ɗauki bokitinsa ya wuce, domin ba ya musu da masu ilimi.

Bayan kamar mako uku Iya Adama ta shigo wurina da faranti a hannu. Ba ta cika shigowa ba, ta kan katanga muke gaisawa.

Ta ce, "Audu, ci."

Na ɗauki awara guda na ci. Na ce, "Yau da ƙwai kika yi, Iya?"

"Kai ne na bakwai da ya tambaye ni tun safe. Ban sa ƙwai ba. Ruwan ne."

Ta ce kwana biyar ke nan ruwan yana wari, ya yi duhu, awarar ba ta haɗuwa, kuma mutanen gidanta suna ta zaryar bayi. Ta tambaye ni ko na ga wata mage ta ɓace, domin ita a zatonta wani abu ne ya faɗa ya mutu. Na ce zan sa ido. Na kuwa sa idon, a kan murfin rijiyata.

Aka kira Baba Maina, tsohon mai haƙa da yasar rijiya, wanda babu rijiyar unguwar da bai san cikinta ba. Ya sauka ya yashe ta. Ya fito da guga biyu, da takalmi wari ɗaya, da ludayin da Iya ta daɗe tana zargin wata maƙwabciya a kansa. Babu mushe. Ruwa ya sake taruwa da warinsa. Ya sake yashewa, haka. Iya ta sauke kaskonta. Ta gwada ruwan burtsatse na 'yan garuwa, ta ce awarar tana fitowa kamar soso. Gidajen layin suka koma dogon ɗiba.

A sauka ta uku Baba Maina ya daɗe a ƙasa, bai turo ko guga ɗaya ba. Ashe idon ruwa yake kallo, wato inda ruwan yake tsattsafowa daga jikin rijiya. Da ya hauro sai ya wuce Iya. Ya fita ta ƙofarta, ya zagayo, ya shigo ta tawa da laka a ƙafa, ya wuce injin, ya wuce ni, ya tsaya a kan murfin. Iya da wasu maƙwabta suna biye da shi.

Ya ce, "Wannan da na Iya ido ɗaya ne. Ubana ya tona su, ni na ja ƙasan."

Na ce, "Ai wannan ta mutu, Baba."

"Ba mutuwa ya yi ba, ruwa ne ya yi nisa. Bana ya dawo. Me ka zuba masa?"

Na ba da amsar da na riga na tanada. Na ce takardu ne masu albarka, waɗanda ba a son su wulaƙanta. Malam Disa ya tabbatar, ya ƙara da cewa shekara huɗu ke nan ba fashi. Baba Maina ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Babu wanda zai buɗe baki a unguwarmu ya ce ayoyi sun ɓata ruwa. Na san haka, kuma a bayan hakan na fake. Kowa ya watse yana kallon ƙasa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne yadda labari yake juyewa in ya bi layi uku. Kafin Juma'a, maganar da ke yawo ita ce ruwan rijiyar Iya Adama ta cikin ayoyin shekara huɗu yake ratsowa, wato rubutu ne da ba ya ƙarewa. Mutane suka fara zuwa da jarka. Wani mai ciwon gwiwa ya zo daga bayan kasuwa a kan babur. Wani dillalin shanu ya ɗiba zai yayyafa wa bijimin da ya ƙi sayuwa. In an yi maganar wari sai su ce magani dama ba ya daɗi. Iya ta tsaya a ƙofa da muciya tana kora.

"Ruwan da na hana awakina, shi za ku sha?"

Wani ya ce mata rowa take yi. Ta sa kwaɗo a murfi, aka riƙa roƙon 'yan gidan a ɓoye.

Ranar Laraba ta sake shigowa wurina, wannan karon ba faranti. Ta jira na kashe inji.

Ta ce, "Audu, ni ban yi karatu ba. Amma na sha rubutu tun ina yarinya, bai taɓa yi min warin masai ba. Jiya na kama matar Garba tela tana ɗura wa jaririnta ruwan nan da cokali. Ko ka buɗe rijiyarka a gaban mutane, ko ka ɗauko tabarma ka zauna a ƙofata kana hana su. Ni na gaji."

Da la'asar na je wurin Malam Sale, na'ibin limaminmu, wanda yake koyar da Larabci a sakandare. Na ba shi rabin labarin, rabin da ba tuka a ciki, da fatan zai ce a bar takardun inda suke. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ka ce ruwan da suke ciki yana wari?"

Na ce yana yi.

"To in ayoyi ne, a cikin ruɓa za ka bar su? Gobe ma ya yi nisa. A fito da su in gani."

Na shiga da abin fakewa, na fito ba shi.

Washegari da hantsi tsakar gidana ta cika. Baba Maina ya fara zura fitila mai wuta a igiya. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya ce iskar ciki ta kashe fitila, mutum ma za ta kashe, ba mai sauka yau. Ya ɗaura ƙugiya ya riƙa jawo kwalayen sama, waɗanda ba su gama narkewa ba. Malam Sale yana zaune a benci da tabarau, da bokitin ruwa a gabansa. Aka ɗauraye kwalin farko aka miƙa masa. Ya karanta layin da Larabci, da murya irin ta malamai. Jama'a suka ɗaga hannu suka ce amin.

Malam ya dube su ta saman tabarau.

"Cewa ya yi a wanke bayi da shi sau biyu a mako."

Hannuwa suka sauka a hankali. Na biyu ya ce na batir ne. Na uku na man gashi. Na fanka ma ya fito, layin ƙasan nan da muka ji tsoro yana gargaɗi ne kada a sa yatsa. Aka yi ta dariya har aka miƙa masa wani mai hoton ganye. Wannan bai karanta da ƙarfi ba. Ya ce maganin ƙwari ne na gona, an rubuta a nisanta shi daga yara da dabbobi da ruwan sha. Irinsa shida aka jawo. Dariya ta tsaya. Na ga mai ciwon gwiwa ya zame ya fita, na ji ƙarar jarka ana juyewa a kwata.

Takardun da suke da ayoyi da gaske, waɗanda aka samu, ba su cika baho ɗaya ba. Malam ya sa aka ware su a kan tsabtataccen buhu, ya ce a shanya a ƙone. Ina fatan a tashi a nan, sai Baba Maina ya kwance ƙugiya ya ɗaura guga. Gugan ya fito cike da tuka, baƙa, tana kumfa. Na kusa da rijiya suka ja baya suna toshe hanci.

Iya Adama ta matso ta leƙa gugan. Ta ce, "Wannan kuma wace sura ce, Malam Audu?"

Kafin in haɗa magana Malam Disa ya shiga kare ni. Ya zayyana hujjar nan tiryan-tiryan, harafin da ya kuɓuce, da tawadar da ta kwanta, da jujin da bai dace ba. Malam Sale ya saurara da kai a sunkuye.

Ya ce, "Wane malamin ne ya ba da wannan fatawar?"

Malam Disa ya nuna ni, da alfahari.

Bayanin Malam bai yi tsawo ba. Ya ce Larabawa ma suna sayar da sabulu, ba kowane harafinsu ne aya ba. Ya ce wanda ke son girmama aya ba ya juye mata ƙazantar inji a kai. Ya ce ruwan maƙwabci kuwa ba sai an buɗe littafi ba. Sannan ya juya ga jama'a ya ce duk wanda ke da ruwan nan a gida ya zubar kafin ya yi sallar azahar. Malam Disa bai yi min magana ba har mako biyu, sai dai ya dubi injin ya ce a faɗa wa mai fatawa raga ta yage.

Na roƙi Baba Maina ya kwashe rijiyar. Ya ce, "Ni ruwa nake bi, ba kashin inji ba. Wanda ya zuba ya sauka." Abin da ya yarda ya yi shi ne riƙe igiya da koya min. Kwana biyu muka bar ta a buɗe, ana zura dami na ganye ana jawowa don iska ta sauya, har fitila ta kai ƙasa da wutarta. Sannan aka ɗaura min igiya a ƙugu. Ba a daɗewa a ciki: ka cika guga biyar, a jawo ka, ka sha iska. Tukar tana kai min gwiwa, tana riƙe ƙafa kamar ba ta son rabuwa da mai ita. Kwana tara na yi ina sauka. Abin da na zuba a tsaye cikin shekara huɗu, a durƙushe na kwashe shi. A gida kuwa aka ware min kwano da tabarma a zaure.

Duba-gari ya zo a rana ta huɗu. Ya tsaya daga nesa ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce bayan an kwashe a cike rijiyata da jar ƙasa mai tsabta, a daddaɓe, a rufe da siminti. Ya ce in gina dandamalin shanya tuka mai rufi da ɗan bango, nesa da katangar Iya. Ya ɗebi ruwan rijiyarta a kwalba. Na tambaye shi yaushe za ta gyaru. Ya ce wanda ke cikin rami na kwashe da guga, wanda ya riga ya shiga jikin ƙasa kuma babu gugan da zai kai gare shi, sai a yi ta yasa ana jira. Ya ce wata rijiyar tana dawowa, wata ba ta dawowa.

Tun daga lokacin haka nake aiki. Tuka a kan siminti take bushewa, a buhu take fita, ko jaki yana da lafiya ko ba shi da ita. Takarda mai Larabci buhunta daban, ranar Asabar Malam ya duba, mai aya a ƙone, kwalin sabulu ya shiga tanki. Na maganin gona ko da wane harshe aka rubuta ba ya shigo min gida. Duk wanda na koya wa aiki, kafin ya ga inji sai na zagaya da shi ya ƙirga rijiyoyin maƙwabta.

Ita kuwa Iya ba ta kai ni ƙara ko'ina ba. Ta dai ce tunda na ɗauke mata ruwa, in kawo mata ruwa. Na ari kura, kowace safiya in turo jarkoki daga burtsatse in juye mata a randuna kafin in kunna inji. Masu kaji su zo neman mai kiret a ce musu ɗan garuwan Iya bai dawo ba tukuna. Awarar ta ci gaba da yi da wannan ruwan, tana yi tana mita, masu saye suna raguwa. Baba Maina yana yashe rijiyar duk wata. Da rani warin ya tafi, muka fara murna, damina ta sauka ya ɗan dawo. Sai a rani na biyu ruwan ya tsaya garai, ya daina kumfa a guga.

Duba-gari ya sake ɗiba ya aika ɗakin gwaji. Bayan mako biyu ya zo da sakamako a ambulan, ya same mu a tsakar gidan Iya, ni ina juye jarka. Ya karanta mata, ya fassara: ruwan ya gyaru, ana iya sha.

Ta ce, "Wa ya faɗa?"

Ya ɗaga takardar. "Ga shi a rubuce, Iya."

"Takarda ce ta kashe min rijiya, ba ita za ta faɗa min ta tashi ba. Audu, zo nan."

Ta buɗe kwaɗon, ta zura guga da kanta, ta cika babban kwanon sha ta miƙo min. Na kurɓa na ce da daɗi.

"Duka."

Na shanye. Ta tsaya tana duban fuskata kamar mai sayen akuya. Ta ce gobe in dawo da ƙafata, kada a kawo mata saƙo. Haka muka yi kwana bakwai: in juye mata ruwan burtsatse, ta ba ni na rijiya in shanye, ta tambaye ni cikina, ta tambayi matata ta kan katanga ko gaskiya na faɗa.

Rana ta takwas na turo kurar kamar kullum. Na tarar da wake jiƙe a baho uku a bakin rijiya, murfin a jingine, matan layin biyu suna jiran guga. Iya tana tsugune tana wanke abin tata, ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Wa ya aike ka da ruwa? Janye kurar nan, ka tare wa mutane hanya."